Ramammun Kawu Sufeto

Duk layin babu wanda bai san Sufeto ba, babu kuma wanda bai san shi ya raɗa wa kansa sunan ba. Gaskiyar magana, direba ne. Ya daɗe yana jan motar hukumar da ke duba asibitoci. Yakan kai jami'ai bakin ƙofa su shiga, shi kuma ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula har su fito. Amma tun da ya ajiye aiki, in ya zauna a bencin mai aski ya fara zuba, sai ka rantse da hannunsa ake garƙame asibitocin.

"Ni fa," yakan ce yana kaɗa yatsa, "daga bakin ƙofa nake shinshino asibitin da zai faɗi."

"Ta cikin gilashin mota?" in ji mai aski.

"Kai dai yi askinka. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai."

To, Sufeto yana da 'yar ƙanwa likita, wadda ta buɗe ƙaramin asibitin rage ƙiba a ƙarshen layin. Yarinya ce mai tsantseni. Ba ta ba mutum ko ƙwaya ɗaya sai ta auna jininsa, ta duba sukari da ƙoda, ta ji tarihinsa tun daga kakanni. Izinin wucin gadi take aiki da shi, sai ga saƙo daga hukuma cewa za a zo dubawa. In ta haye, a ba ta cikakken lasisi. In ta faɗi, a sa kwaɗo a ƙofa, wahalar da ta sha ta bi ruwa.

Ran da za a zo, tun kafin a gama share bakin asibiti, sai ga Sufeto cikin tsohuwar kwat da tabarau, ya saƙale biro uku a aljihu.

"Kawu, ina kwana? Lafiya dai?"

"Lafiya ce ta kawo ni, 'yar nan. Ina da rai a duba ki ba ni a wurin? Ai sai duniya ta zage ni."

"Na gode, Kawu, amma komai a shirye yake. Sakamakon gwajin wasu mutum biyu ne kawai ban karɓo ba, kuma ina tsoron in fita su iso. Sun ce da safe."

Sufeto ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Da safe! Ni da na ja su? Waɗannan ba sa barin ofis sai rana ta take tsaka. Je ki abinki, ki dawo, ki ma yi barci in kina so."

Likita ta yi tunani. A duk abin da kawunta ke faɗa, wannan kaɗai ne ya kamata a ce ya sani. Ta ɗauki jaka, ta ja nas ɗinta gefe ta raɗa mata: "Ki ba shi shayi, ki ba shi kujera. Kada ki bari ya taɓa komai."

Ko kwanar layin ba ta sha ba Sufeto ya ajiye kofin ya miƙe. Ya leƙa ɗakin jira, sai ya dafe ƙirji. Mutum uku ne zaune. Akwai mai gidan burodi, akwai wani ma'aikacin banki, sai wata tsohuwar shugabar makaranta da kowa ke kira Malama, wadda rabin layin sun taɓa shan bulalarta. Kowannensu ya cika kujerarsa dam.

"Wannan ai faɗuwa ce tun daga ƙofa," ya ce wa nas ƙasa-ƙasa. "Asibitin rage ƙiba cike da masu ƙiba?"

"To Baba, da su wa zai cika?"

"Kin taɓa ganin tela ya rataye yagaggun kaya a bakin shagonsa? Jami'i da ido yake cin jarrabawa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ya gyara kwat, ya shiga ya yi musu sallama, ya sanar da su cewa an kawo sabon tsari. Daga yau, kafin a ga likita, sai an zauna shiru a ɗakin ajiya na baya, ido a rufe, domin kitse ba ya narkewa cikin hayaniya.

Malama ta dube shi ta saman tabarau. "Likita ba ta faɗa mini wannan ba."

"Daga sama umarnin ya zo, Malama. Jiya-jiyan nan."

Da yake mace ce mai girmama doka, sai ta miƙe tana gunaguni, sauran suka bi ta. Sufeto ya jera musu kujeru tsakanin kwalaye, ya ja ƙofa. Nas ta kira wayar likita har ta gaji, ba a ɗauka ba. Ta roƙi Sufeto, ya ce ta je ta koyi aiki. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta, sai ta fita da gudu ta tsare babur, ta tafi nemo uwar ɗakinta.

Shi ke nan, fili ya zama na Sufeto. Ya tsallaka titi ya dawo da mutum uku da ya zaɓa da idon gwani. Mai aski, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Tela, wanda ya huda bel ɗinsa har ya rasa wurin hudawa. Sai wani dogon mai wankin mota da iska ke kaɗawa kamar tutar makaranta.

Aikin farko da ya sa su shi ne tura wani ƙaton kabad na ƙarfe ya tare ƙofar ɗakin ajiya. Kabad ɗin faɗi gare shi, sai ya haɗa har da ƙofar fita ta gaggawa da ke gefe ya rufe.

"Wannan ƙofar fa?" in ji tela.

"Wa zai fita? Yau ranar shigowa ce."

Ya ɗauko man da yake goge mota da shi, ya mulke tayil tun daga baya har bakin ƙofa, sai da ƙasa ta koma madubi. Ya jawo fanka ya saita ta ga kujerar baƙo. Da ya rasa inda zai jona, sai ya bi waya ya zare ta firjin da ake ajiye allurai, ya soka tasa. Sannan ya zaunar da mutanensa a bencin ɗakin jira ya ba su darasi.

"Abu ɗaya za ku riƙe. A da ku ƙarti ne, asibitin nan ne ya sauke ku. Ku yaba, kada ku yi rowar yabo."

Bai rufe baki ba mota ta tsaya a waje. Wata mata gajeruwa, mai natsuwa, ta fito da jaka a hannu, ta shigo tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsallaka rafi. Sufeto ya dubi rana ta taga, ya ga ko kusa ba ta kai tsaka ba. Ya washe baki.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa! Abokin aiki ne, tsohon hannu a hukuma. Ni ke ba likita shawara kan ƙa'ida."

"Ina likitar?"

"Tana tafe. Kafin nan ki ba idonki abinci." Ya buɗe hannu ya nuna bencin. "Gani ya kori ji."

Jami'ar ta dubi mutanen uku, ta sake duba su. "Waɗannan masu rakiya ne?"

"Sakamako ne, ranki ya daɗe."

Ta ajiye jaka, ta jawo kujera gaban mai aski. "Malam, nauyinka nawa lokacin da ka fara zuwa?"

"Kilo ɗari da talatin," in ji mai aski, ko ƙiftawa babu.

"Hau sikelin nan."

Ya hau. Allura ta yi ɗan rawa ta tsaya a hamsin da biyu.

"A tsawon wane lokaci ka sauka haka?"

Mai aski ya saci kallon Sufeto. Sufeto ya ɗaga yatsu biyu a bayan jami'ar, nufinsa shekara biyu.

"Mako biyu," in ji mai aski.

Jami'ar ta cire tabarau. Sufeto ya fara tari, amma tela ya ga ana neman a fi shi, sai ya miƙe da kansa.

"Wannan ai wasa ne, ranki ya daɗe. Ni ranar da na fara zuwa, ƙofar nan ba ta ɗauke ni ba, sai da aka karkata ni. Ga shi yanzu wandona guda na raba na ɗinka uku."

"An gwada jininka kafin a fara ba ka magani?"

"Ina! Nan ba a ɓata wa mutum lokaci."

"An duba zuciyarka? An tambaye ka ko kana shan wani magani?"

"Ko sunana ba a tambaya ba. Aiki kawai!"

"Allura sau nawa ake yi maka?"

"Safe, rana, dare. In na ji marmari in ƙara."

"Wa ke yi maka?"

Tela ya yi murmushin ƙasaita. "Ni da allura? Ai sana'ata ce."

Sufeto yana ta yi masa alama da gira har girar ta gaji, tela ya ɗauka jinjina ce, ya ɗaga masa babban yatsa.

Jami'ar ta mayar da tabarau, muryarta ta canza. "Ku saurara. Duk wanda ya zubar da nauyi irin wannan cikin 'yan kwanaki, ba rama ya yi ba, kabari yake haƙa wa kansa. Asibitin da zai ba mutum allura babu gwaji, ko ya ci gaba da ba wanda ya riga ya zama tsinke, ba asibiti ba ne, tarko ne. In abin da kuka faɗa gaskiya ne, yau zan rufe wurin nan, likitar kuma ta yi sallama da aikinta. Ku ukun nan yanzu zan kira mota a kwashe ku, a kwantar, a ɗebi jini."

"A ɗebi me?" in ji mai aski, wanda kullum yana riƙe da reza amma ganin allura ke sa shi suma.

Mai wankin mota bai tsaya jin amsa ba. Ya zabura zai gudu, ƙafafunsa suka riga shi, ya zauna daɓas, santsi ya ɗauke shi ya fita da shi ta ƙofa a zaune kamar an aike shi. Masu shaguna suka gani, suka fara taruwa.

Daidai nan wani abu ya fara ƙara daga ciki: ƙit, ƙit, ƙit.

"Mene ne wancan?"

"Ƙararrawar maraba ce, ranki ya daɗe. Manyan baƙi kaɗai take yi wa."

Jami'ar ta bi ƙarar tana dafa bango, har gaban firji. Ta ga wayarsa yashe a ƙasa, ta bi ɗaya wayar da ido har zuwa fankar da ke kaɗa wa kujera iska ba kowa a kai. Ta zare ta fanka, ta mayar da ta firji, ta duba ma'aunin sanyi, ta yi ajiyar zuciya don an yi sa'a abin bai kai ga lalata maganin ba. Da ta ɗago, sai idonta ya faɗa kan koren allon da ke nuna ƙofar gaggawa, ƙarƙashinsa kuma kabad ne tsaye ƙiƙam.

"Ina ƙofar?"

"Tana nan a baya, a adane. Kin san halin ɓarayi."

"In gobara ta tashi fa?"

"Ba ta tashi in ina nan."

Sai aka ji dum! daga bayan kabad. Aka sake, dum! dum!

Jami'ar ta juyo. "Wannan kuma fa?"

Gumi ya keto wa Sufeto. "Ɓeraye ne, ranki ya daɗe. Manya."

Wata murya ta taso daga ciki, muryar da ta shekara da shekaru tana tsayar da yara ɗari biyar a fili ba lasifika.

"Wa kake kira ɓera?"

Mai aski da tela, da yake duk tsofaffin ɗalibanta ne, ba su san lokacin da suka ƙame a tsaye ba.

"Ku sa kafaɗa!" in ji Malama daga ciki. "In na ce uku!"

Sufeto ya ruga ya jingina bayansa da kabad, wai zai tare. Mutum ɗaya ne a kan tayil mai santsi, su kuwa mutum uku ne da ya ɓoye saboda nauyinsu. Ƙofa ta bugi kabad, kabad ya bugi Sufeto, su biyun suka kama hanya. Garin neman abin riƙewa ya cafki tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango, ta biyo shi, fil ɗinta ya fita, ya matse hannunta da iya ƙarfinsa. Farin gari ya turnuƙe ko'ina. Kabad ya tsaya a bakin ɗakin jira, amma Sufeto bai tsaya ba. Ya wuce ta gaban benci, ya wuce sikeli, ya fita ƙofa a kan gadon baya rungume da tukunya, ya yi birki a gaban jama'ar layi, fari fat tun daga hula har takalmi.

Daidai lokacin babur ya sauke likita da nas.

Mai sayar da katin waya ya ce, "Ikon Allah, asibitin har fari yake sa mutum?" Wata mai shago ta ce, "A'a, kitsen ne ke fita ta fata." Dariya ta ɓarke har da masu zama a ƙasa.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta dubi kawunta, ta dubi farin garin da ke fitowa ta ƙofarta, ta hangi jami'a tana kakkaɓe jaka, sai idonta ya ciko.

"Kawu," ta ce, "shayi kawai na ce ka sha."

"Gyara na zo yi miki, 'yar nan."

"Garin gyaran gira ka tsone ido," in ji Malama, wadda ta fito tana huci, mayafi a karkace. Ta nuna mai aski da tela. "Kai da kai, ku zo nan. Kai mai aski, tun kana aji biyu haka kake kamar tsinken tsintsiya. Yaushe ka yi kilo ɗari da talatin?"

"Ban taɓa ba, Malama."

"Kai fa mai allura?"

"Ta ɗinki nake nufi, Malama."

"Wa ya sa ku?"

Yatsu biyu suka nuna wuri ɗaya.

Jami'ar ta sa aka buɗe tagogi, ta zauna da likita, suka bi aikin ɗaya bayan ɗaya. Ta ga shaidar karatun likita da ta nas, ta ga inda ake zubar da allurar da aka yi amfani da ita, ta ga kayan taimakon gaggawa. Sannan ta kira masu jinya na gaskiya. Mai gidan burodi ya ce shi likita ta hana shi wani shayin rama da ya saya a kasuwa, wanda ya kusa ƙarar da shi a banɗaki. Malama ta gyara zama.

"Ni kilo huɗu na sauke a wata uku, kuma har fushi na yi da ita. Na ce ta yi mini allurar nan da ake yayi, ta ce sai ta ga gwajina. Da ta gani ta ce jikina ba zai ɗauka ba, in yi haƙuri da tafiya da gyaran ci. Na ce yarinyar nan taurin kai gare ta. Amma yau da gwiwar nan na ture kabad."

Jami'ar ta yi murmushi karo na farko, sannan ta juya ga likita. "Aikinki mai kyau ne, ban ga inda kika yi wasa da ran mutane ba. Amma ba zan sa hannu yau ba. Na tarar da ƙofar gaggawa a toshe, firjin magani a kashe, mutum uku a kulle. Kin bar asibiti a hannun wanda ba ma'aikaci ba, wannan kuma naki ne, ba nasa ba. Zan dawo, ba zan faɗi rana ba."

Likita ta sunkuyar da kai. "Na karɓa, ranki ya daɗe."

Sufeto ya matso yana zubar da gari. "In kin dawo, abokiyar aiki, zan tsaya in..."

"In na hango ko hularka a layin nan," in ji jami'ar, "daga mota zan juya."

Ranar dai Sufeto da bokiti da tsumma ya wuni, yana wanke man mota daga tayil, Malama zaune a kujera tana nuna masa da sanda inda ya tsallake. Jami'a ta dawo kamar yadda ta ce, ba sanarwa, ta tarar da komai daidai, ta sa hannu. Likita ta rataye lasisinta a bango, ta kuma ɗauki mai gadi, ta gaya masa cewa kawunta yana da izinin gaisuwa daga tsallaken titi.

Kwana kaɗan Sufeto ya yi bai fito ba, sai ga shi a bencin mai aski ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ku ba ku gane ba," ya ce. "Atisaye na yi musu. Da ban gwada su ba, ina za su san inda rauninsu yake? Yanzu duk layin nan, wa ke da suna a rahoton hukuma in ba ni ba?"

"Gaskiya kana ciki," in ji tela. "Nas ta faɗa mana. A ƙarƙashin haɗurran da ya wajaba a kawar daga asibiti."

Benci ya ɗauki dariya. Sufeto ya jira har suka lafa.

"Na nawa aka sa ni?"

"Na ɗaya. Kana gaban toshe ƙofa, kana gaban kashe firji."

Sufeto ya gyara zaman hula, ya jingina da bango.

"To, kun ji," ya ce. "Ni dama ban taɓa zuwa na biyu ba."